Rigar haƙori: abin da take rufewa da abin da take ci

Yi wa haƙori ado ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Matan da sukan rina nasu da fure da goro har su yi ja wur, alhazai kuwa sukan komo da haƙorin Makka, na zinariya ko na azurfa, shaidar an sauke farali. Yau sha'awa ta koma ga fari, shi ya sa ake jin zancen wata ƴar riga da likitoci ke kira faset da Faransanci.

Faset wani siririn ɓawo ne na tangaram ko na wani irin ƙaro mai daskarewa, wanda ake mannawa a fuskar haƙoran gaba. Wani likitan Kaliforniya, Charles Pincus, shi ya fara yin ta a 1928 domin ƴan wasan silima, amma tasa ba ta daɗewa, da an gama ɗaukar hoto sai a cire. Sai a farkon shekarun 1980 aka gano dabarar liƙa tangaram ya zauna daram.

To, ga inda ya kamata mai karatu ya natsu. Galibi kafin a sa rigar, sai likita ya kankare kamar rabin milimita daga farin ɓawon haƙorin, alhali kaurin ɓawon a nan bai cika wuce milimita guda ba. Farce in an yanke shi yana tsirowa, gashi ma haka, amma wannan ɓawo in ya tafi ya tafi ke nan. Wanda aka kankare wa haƙori ya shiga hidima ta har abada, domin rigar tangaram takan yi shekara 10 zuwa 15, ta ƙaro ba ta kai haka ba, kuma kowace ta lalace dole a biya a sake wata. In an bar haƙorin tsirara, ruwan randa ma sai ya sa mutum ya zabura.

Duk da haka akwai waɗanda rigar ke yi wa rana ƙwarai. A Tibirin Gobir, kusa da Maraɗi, daga 1985 har wajen 2000 jama'a sun sha ruwan wata rijiyar burtsatse mai yawan sinadarin fuliyor, wanda ya ninka har fiye da sau uku miligaram 1,5 a lita da Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade. Dubban yara suka tashi da haƙora masu dabbare-dabbare, ruwan ƙasa-ƙasa, wasu har ƙasusuwansu suka lanƙwashe. Irin wannan tabo yakan shiga tun haƙori yana ginuwa cikin dasashi, kafin yaro ya kai shekara 8, don haka aswaki da buroshi ba su fid da shi, ko da za a wuni ana gogawa. Yaran nan yanzu magidanta ne da matan aure. Ga wanda ya girma yana rufe baki da hannu in zai yi dariya, faset tana iya mayar masa da sakewa cikin mutane, ko da yake ba ta taɓa ciwon ƙashi ko kaɗan. Abin takaici, aikin yana da tsada, likitocin haƙori kuma yawancinsu suna Yamai da manyan birane.

Tabon goro da shayi da taba kuwa bisa yake kwance, wankin haƙori a asibiti yana kawar da shi, ba sai an kankare lafiyayyen ɓawo ba. Haƙorin da ya ruɓe ko dasashin da ke jini, magani suke so tukuna, domin ruɓa in an lulluɓe ta ci gaba take yi a ɓoye. Wanda aka riga aka sa wa rigar kuma, sai ya haƙura da tauna ƙashi da buɗe kwalba da baki, in kuwa yana cizon haƙora cikin barci, ya gaya wa likita tun kafin a fara aikin.