Akushin da ba a kifewa

A gidan da na tashi, idan aka sauke tuwon dare, wadda girki ke hannunta takan jera akusa a tsakar gida: na maigida, na samari a zaure, na 'yammata, na abokiyar zamanta. Sai kuma wani kwano a gefe saboda almajiri ko baƙon da dare ya yi wa. Wannan na gefen, maigida na iya cewa a ƙara masa malmala ko a miƙa wa maƙwabci. Amma ban taɓa ganin ya sa an kife akushin yaro don ya ƙi zuwa gona ba. A yi masa faɗa, a zane shi ma, tuwonsa dai yana nan.

Kusan haka wasiyya take a shari'ar Musulunci. Bayan an yi wa mamaci sutura an biya masa bashi, kwanon gefen shi ne sulusi, kashi ɗaya cikin uku. Iyakar da Manzon Allah (SAW) ya yi wa Sa'ad bin Abi Waƙƙas ke nan lokacin da ya kwanta ciwo ya so ya bayar da mafi yawan dukiyarsa. Da sulusin mutum zai tuna da masallaci, ko agolan da ya raina, ko yaron shagon da ya yi masa shekara ashirin. Sauran kuwa Suratun Nisa'i ta riga ta jera akusansu. Mata tana da tumuni idan akwai ɗa, rubu'i idan babu, kuma ko su huɗu ne wannan za su raba. Magaji ba a yi masa wasiyya sai sauran magada sun yarda, don kada a zuba wa ɗan lele daga kwanon almajiri.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda malaman Malikiyya suka san halin maza. Wanda ya ga ciwon ajali ya kama shi ya yi wuf ya saki matarsa don kada ta ci gado, ya yi aikin banza: za ta gaje shi ko da iddarta ta ƙare. Kyautar da aka yi a kan gadon mutuwa ma cikin sulusi ake lissafa ta. Ƙofar da ta rage ita ce kyauta da lafiya, a damƙa wa mai ita a hannu, kuma ta nan ne yawancin rigimar gidaje ke shigowa.

Faransa ma tana jera akusa. Mai ɗa ɗaya ba ya taɓa rabin dukiyarsa, mai biyu kashi biyu cikin uku, mai uku zuwa sama kashi uku cikin huɗu. Ingila ce ta bar wa maigida tukunyar duka, sai dai dokar 1975 ta ba wanda aka hana damar kai kuka kotu. A 2017 Kotun Ƙolinsu ta tsayar wa wata mata fam 50,000 daga dukiyar uwarta, wadda ta yi fushi da ita ta bar kusan komai ga ƙungiyoyin kula da dabbobi.

Wannan tsarin na Ingila ya taɓa shigo mana gida. A 1971, a shari'ar Adesubokan da Yunusa, Kotun Ƙolin Najeriya ta ce Musulmi na iya rubuta wasiyya a ƙarƙashin dokar Ingila ta 1837 ya raba yadda ya ga dama. Daga baya wasu jihohi, irin su Kwara, suka yi nasu dokokin suka toshe wannan kafa.

Na san akwai 'ya'yan da sun isa a yi fushi da su. Sai dai uban da ya yi rantsuwa da magariba, sau da yawa kafin isha'i shi ne mai leƙowa tsakar gida yana tambayar ko an ajiye wa yaron nasa. Wanda aka kai makwanci ba ya leƙowa.