Daga Manoman Amurka zuwa Jangalin Wudil: Yadda Waɗanda Suka Faɗi Zaɓe Suka Ci Doka

Saurayin da ya koro shanu daga Ɗankaza zuwa Karar Wudil ranar Juma'a bai san jangali ba sai a bakin kakansa. Bai taɓa ganin ranar da ake zuwa ƙirga garke ba, ranar da Bafulatani ke kwana a daji da rabin dabbobinsa don kada idon mai ƙirga ya faɗa kansu. Haka manomi bai san tashin hankalin haraji ba, lokacin da magidanci ke sayar da akuya ko hatsin da iyali za su ci don kada a ɗaure shi a ƙofar dagaci. A watan Oktoba na 1979 gwamnatin jam'iyyar PRP ta Muhammadu Abubakar Rimi ta soke harajin nan biyu a tsohuwar Jihar Kano, Balarabe Musa ma ya yi haka a Kaduna. Sa hannun bai ɗauki minti ɗaya ba, amma sai da aka yi kusan shekara talatin ana shan duka da ɗauri kafin a kai gare shi.

Irin wannan gwagwarmaya tana da tsohon tarihi a Amurka, kuma abin da ya haifar da ita can shi ne ya haifar da ita nan: dukiya ta ƙaru farat ɗaya, wanda ya yi gumin samar da ita bai gani a ƙwaryarsa ba.

Bayan yaƙin basasarsu ya ƙare a 1865, masana'antu suka bunƙasa. A 1869 layin dogo ya haɗa gabashin ƙasar da yammacinta. Manomin alkama ya samu hanyar kai amfaninsa kasuwa, sai dai jirgin na kamfani ɗaya ne, rumbun ajiyar ma sau da yawa na abokin kamfanin ne, kuɗin dako kuwa abin da suka yanka shi za a biya. Manoma suka haɗa kai a ƙungiyar Grange da aka kafa a 1867, suka matsa wa majalisun jihohi har aka yi dokokin ƙayyade kuɗin dako, a 1887 kuma gwamnatin tarayya ta kafa hukumar sa ido kan jiragen ƙasa. Da suka ga bai isa ba, sai suka kafa jam'iyyarsu ta talakawa a 1892. Ɗan takararsu James Weaver ya samu ƙuri'a sama da miliyan ɗaya, ya faɗi, jam'iyyar kuma ba ta jima ba ta watse. To amma ku duba abin da ta nema: mai kuɗi ya biya haraji daidai ƙarfinsa, jama'a su zaɓi sanatocinsu da hannunsu maimakon 'yan majalisar jiha su zaɓa musu. A 1913 duka biyun suka samu gurbi a tsarin mulkin ƙasar, ta hannun manyan jam'iyyun da suka yi wa manoman dariya.

A birane kuwa jini aka zubar. Ranar 1 ga Mayu, 1886, ma'aikata suka yi yajin aiki suna neman a mayar da aikin yini awa takwas. Kwana uku bayan haka wani ya jefa bam a taron dandalin Haymarket da ke Chicago, aka rataye shugabannin ma'aikata huɗu a 1887 ba tare da an tabbatar da wanda ya jefa ba. Daga nan Ranar Ma'aikata ta samo asali. Jihar Kano ce ta fara ba da hutunta a Nijeriya a 1980, gwamnatin Shehu Shagari ta bi sahu a 1981. Abin dariyar, ita Amurkar a watan Satumba take nata hutun.

'Yan jarida ma sun yi nasu. Ida Tarbell ta bi takardun kamfanin man Standard Oil na Rockefeller ɗaya bayan ɗaya, ta nuna yadda yake haɗa baki da kamfanonin jirgi yana karya ƙananan 'yan kasuwa. A 1911 Kotun Ƙoli ta raba shi gida 34. A watan Maris na wannan shekarar kuma, gobara ta tashi a masana'antar ɗinkin riguna ta Triangle a New York, mutum 146 suka mutu, yawancinsu 'yan mata baƙin haure, saboda an kulle ƙofofin fita. Frances Perkins, wadda ta ga abin da idonta, ita ce ministar ƙwadago a 1938 lokacin da aka yi dokar mafi ƙarancin albashi da taƙaita aikin yara. Kada mu yi musu kwalliya fiye da kima: a daidai wannan zamani ne, a 1896, Kotun Ƙoli ta halatta wariyar baƙar fata, kuma da yawa daga masu gyaran suka kau da kai.

A 1911 ɗin nan ne layin dogo ya iso Kano, shekara guda bayan haka gyaɗa ta zama zinariya. Kamfanonin Turawa suka kafa kantuna, Alhassan Ɗantata da ire-irensa suka tara buhuna har dalar gyaɗa ta zama alamar birnin. Manomin karkara fa? Farashi ba shi ke yanka ba, sikeli ba a hannunsa yake ba. Daga 1949 hukumar cinikin gyaɗa ce ke sa farashi, tana riƙe rarar da aka samu a kasuwar duniya. Ɗan abin da ya shigo hannu kuma haraji na jiransa, don lokacin karɓarsa ya dace da kakar gyaɗa. Ga aikin tilas, ga 'yan doka, kotu da kurkuku duk na En'e ne, wato hukumar sarki. Wanda ya zalunce ka shi ne ubangidan alƙalin da za ka kai wa ƙara.

Ranar 8 ga Agusta, 1950, matasa takwas, cikinsu har da Abba Maiƙwaru da Bello Ijumu da Magaji Dambatta da Mudi Sipikin, suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano. Malam Aminu Kano ya bar aikin koyarwa a Maru ya shigo, ya zama shugabanta a 1953. A zaɓen 1951 NEPU ta yi rinjaye a matakin farko cikin birnin Kano, amma zaɓen hawa-hawa ne, kuma En'e na da ikon cusa mutanenta a matakin ƙarshe. Ko kujera ɗaya ba ta kai Majalisar Arewa da ita ba. Wannan ita ce ainihin cutar da manoman Amurka suka yi kuka da ita game da sanatocinsu. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri kan batun ƙuri'ar mata da auren wuri. Matan Amurka sun samu ƙuri'a a faɗin ƙasa a 1920, na Arewacin Nijeriya sai a 1976.

NEPU ba ta taɓa kafa gwamnati ba. Duk da haka, a ƙarshen shekarun 1960 gwamnatin soja ta Yakubu Gowon ta karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e, a 1976 aka kawo tsarin ƙananan hukumomi. Abin da aka ɗaure mutane don sun faɗa, shi ya zama doka.

Inda muka rabu da Amurkawa, a ganina, shi ne abin da ya biyo bayan dokar. Su sun bar hukumomi masu sufeto da littafi da ikon cin tara, suka kuma bar al'adar bin diddigi a jarida. Mu mun bar sunaye a filin jirgi da asibiti, muka koma yabon mazan jiya. Jangali ya tafi, amma a tambayi direban tirelar da ya ɗauki shanu daga Wudil zuwa Legas rasit nawa yake yanka da shinge nawa yake tsayawa. Duk kuɗin nan a kan makiyayi da mai cin nama yake ƙarewa.

Ga kuma ruwa. Masana'antun jima da ke Sharaɗa da Challawa, an daɗe ana kuka da dagwalon da ke fita daga yankunansu zuwa Kogin Challawa. Kogin nan yana haɗuwa da Kogin Kano kafin Wudil, daga nan ya wuce ta ƙarƙashin gadar garin ya nufi Haɗejiya. Da shi ake noman rani, a cikinsa masunta ke jefa koma, shi shanu ke sha. Hukumar kula da muhalli ta NESREA tana nan tun 2007, jami'ar kimiyya da fasaha kuma tana cikin Wudil da ɗakunan gwaji. Ƙungiyoyin manoman rani da masunta da dillalan Kara su nemi a auna ruwan kogin a kai a kai, a liƙa sakamakon a sakatariyar ƙaramar hukuma, a karanta shi da Hausa a rediyo. Mutanen Ɗankaza kuma, idan ɗan takarar kansila ya zo neman ƙuri'a, ku fara tambayarsa wannan kafin ku karɓi atamfa da taliya.