Gwiwar ƙarfe a kan karkatacciyar ƙafa

Akwai wani adadi da ake yawan kwantar wa masu shirin sauya gwiwa hankali da shi: cikin kowace gwiwa 100 da aka dasa, 82 suna kai shekara 25. Adadin gaskiya ne, mujallar Lancet ce ta wallafa shi a 2019, daga rajistar asibitocin ƙasashe irin su Finland da Ostareliya. Sai dai duk wanda ya karanta wa wata dattijuwar Hayin Banki wannan adadi, wadda ta daɗe tana jan ƙafa har ƙafafun suka lanƙwashe, bai gaya mata rabin labarin ba.

Tun da naira ta faɗi a 2023, iyalin da zai kai mahaifiyarsa Indiya ko Masar, ko ma Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, sai ya sayar da fili ko ya yi karo-karo. Tambayar da suke yi kuwa ɗaya ce: "Likita, ƙarfen na wace ƙasa ne?" Da wuya ka ji wanda ya tambayi layin da za a ɗora ƙarfen a kai, alhali nan ne gizo ke saƙa.

Idan mutum ya tsaya, nauyinsa yana bin layi ne daga kan ƙashin cinya a ƙugu zuwa tsakiyar idon sawu, kuma ana so layin ya ratsa ta kusa da tsakiyar gwiwa. Tsakanin ƙarfen sama da na ƙasa akwai faifan roba mai tauri, wanda kowane taku ke ɗora wa ninki biyu zuwa uku na nauyin jiki. In layin ya goce, nauyin sai ya tattaru a gefe ɗaya. Direbobin tashar Kawo sun san abin da ke samun taya idan saitin ƙafar mota ya baci: gefe guda ya cinye, ɗayan yana nan sabo. Abin da ya fi muni a gwiwa shi ne garin robar da ke gogewa ba ya da hanyar fita. Ƙwayoyin garkuwar jiki suna haɗiye shi, su tayar da kumburi, kumburin ya riƙa zaizaye ƙashin da ke riƙe da ƙarfen har ya fara girgiɗi. Wani bincike da aka yi a Ingila a 1991 ya gano cewa bayan kimanin shekara takwas, kashi 3 cikin 100 ne suka saki a gwiwoyin da karkatarsu ba ta wuce digiri 3 ba, waɗanda suka wuce haka kuwa kashi 24.

Matsalarmu ita ce irin ƙafar da muke kai wa likita. Ba ma zuwa sai ta gama lalacewa, bayan an sha maganin kashe zafi da man shafawa da allurai, jijiyoyin gefe ɗaya sun ɗaure, na ɗaya gefen sun saki. Ga wanda acaɓa ya karya a ƙuruciya, mai ɗori ya haɗa ƙashin a karkace, ya warke a haka. Ga kuma gwame da lanƙwasar ƙafa tun yarinta, wadda binciken da aka yi a Jos ya nuna ƙarancin sinadarin kalsiyam a abinci ke jawo ta. Irin wannan karkata ba a cikin gwiwa take ba, don haka ƙaramin hoton gwiwa da aka ɗauka mutum na kwance ba zai nuna ta ba. Sai dogon hoto daga ƙugu har idon sawu, mara lafiya yana tsaye. Ƙiba kuma tana ƙara wa wutar fetur, domin wani binciken Amurka na 2004 ya nuna cewa karkatar ƙarfen ƙasa ta fi kassara gwiwa idan ta haɗu da jiki mai nauyi.

Gaskiya akwai masu jayayya. Likitocin asibitin Mayo sun bi gwiwoyi 398 na tsawon shekara 15, suka ce a 2010 ba su ga wani bambanci na a zo a gani ba tsakanin waɗanda suka faɗa cikin digiri 3 da waɗanda suka fita. A Beljiyam an gano cewa kusan sulusin maza masu lafiya da 'yar lanƙwasa aka halicce su, shi ya sa wasu likitoci yanzu suke dasa ƙarfen daidai da asalin ƙirar mutum. Robar zamani ma ta fi ta da jure guga. To, amma musun nasu a kan 'yan digiri ne. Babu wanda ya ce a bar ƙafar da ta karkace digiri 15 yadda take.

Sannan a duba abin da muke sa gwiwar bayan aiki: sujada da zaman tahiya sau biyar a rana, tsuguno a bayan gida, zama a tabarma. Lanƙwasa mai zurfi tana matse bayan faifan robar, in da karkata abin ya ninku. Malamai sun yarda mara lafiya ya yi salla a kujera, amma dattawa da yawa kunyar hakan suke ji a masallacin unguwa.

Wanda aka yi wa aiki a waje ya dawo, sau da yawa ba ya sake ganin likitan ƙashi sai ciwo ya tashi, ga shi cinyewar roba ba ta zafi a farko, hoto ne ke tona ta. In aka gano da wuri, wani lokaci faifan kaɗai za a canza. In ƙashi ya zaizaye, sai an cire komai an sake da dogayen ƙarafa masu shiga cikin ɓargo, kuɗin ya fi na farko, filin kuma an riga an sayar.