Dashen ƙwai a mahaifa da matsalar nasaba: me malamai suka ce game da kishiya?

1. Gabatarwa

A Gure, kamar sauran garuruwan jihar Damagaram, matar da ta daɗe ba ta haihu ba ita ake fara tuhuma, ko da matsalar ta miji ce. Fim ɗin Aisha Maki, ƴar Damagaram, mai suna L'Arbre sans fruit (2016), ya nuna nauyin wannan tuhuma. Mafita biyu al'ada ta tanada: ƙarin aure da riƙon ɗan dangi. Wannan maƙala za ta duba mafita ta uku, wato dashen ƙwai, wanda likitocinmu ke kira FIV, da matsayin addini a kansa.

2. Yadda aikin yake

Ana ba mace magani don ƙwayayenta su nuna, a ciro su, a haɗa da maniyyi a ɗakin gwaji. Bayan kwana biyu zuwa biyar sai a dasa abin da ya haɗu a mahaifa. Ta haka aka haifi Louise Brown a Ingila a 1978, da Amandine a Faransa a 1982. Abin lura shi ne an raba abubuwa uku da a da ba su rabuwa: maniyyi, ƙwai da mahaifa. Kowane ɗaya yana iya fitowa daga wani mutum dabam.

3. Ma'auni biyu

Cocin Katolika, cikin takardar Donum Vitae ta 1987, ta ƙi aikin ko tsakanin ma'aurata, domin ya raba haihuwa da saduwar aure, kuma ana zubar da ƙwayayen da suka haɗu suka yi saura. Malaman Sunna kuwa nasaba suka sa a gaba. A 1980 Muftin Masar, Shehu Jadul Haƙ, ya halatta shi in maniyyin na miji ne, ƙwan na matarsa. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman a 1986, ta duba hanyoyi bakwai, ta haramta biyar, ta yarda da biyu. Sharaɗi shi ne igiyar aure tana nan. Bayan saki ko mutuwar miji ba a dasa ƙwan da aka ajiye. A Iran, fatawar Ayatullahi Khamene'i ta 1999 ta buɗe ƙofar karɓar ƙwai daga wata mace.

4. Batun kishiya

Nan ne maganar ta fi shafar mu. In uwargida tana da ƙwai amma mahaifarta ba ta riƙe ciki, ko amarya za ta iya ɗaukar mata, tunda miji ɗaya ne? Majalisar Fiƙihu ta Makka ta yarda a 1984, sannan ta janye a 1985. Dalilinta: amarya tana iya samun nata cikin daga mijin a daidai lokacin dashen, ɗaya ya zube, a kasa sanin wanda ya rayu. Uba sananne ne, uwa ce ta shiga ruɗu, tare da gado da muharramaka.

Wannan ya bambanta da riƙo. Ɗan riƙo yana girma a ɗakin wata, amma kowa ya san wadda ta haife shi, kuma ita yake gada. A aron mahaifa kuwa mata biyu ne ke da hujja: mai ƙwai da mai naƙuda.

5. Kammalawa

Gwajin ƙwayar halitta a yau yana iya nuna mai ƙwan, don haka dalilin 1985 ya yi rauni. Sai dai gwaji ba ya faɗin wadda shari'a za ta kira uwa. Akwai kuma tambayar da ta kamata masu bincike su kai gidajen Gure: a gidan da miji ke riƙe da saki, yardar amarya ta ɗauki cikin kishiyarta yarda ce ta gaskiya?