Allon Sanholo na Goshin Shago

Allon suna da ake kafawa a goshin shaguna a yau ba zallar sanholo ba ne. Falle biyu ne na sanholo marasa kauri da aka manne da roba a tsakaninsu, kuma kaurinsa yawanci milimita 3 ne ko 4. An fara ƙera irinsa a Jamus a shekarar 1969, da sunan Alucobond.

Mai aikin yakan fara auna goshin shagon, ya haɗa firam na ƙarfe. Daga nan sai ya yi tsaga ta bayan allon ba tare da ya taɓa fallen gaba ba, domin gefuna su lanƙwasu da hannu. A nan ake gane gwani: in tsagar ta zarce, allon ya dare, in ta gaza, gefen ya karkace. Wajibi ne kuma a bar 'yar tazara tsakanin allo da allo, domin sanholo yana buɗewa idan ya sha rana, wanda aka matse kuwa sai ya kumbura.

Babban aibinsa shi ne robar tana cin wuta. Ita ce ta rura gobarar benen Grenfell a Landan a 2017, wadda ta halaka mutum 72. Saboda haka ake son a zura wayoyin fitilun allon cikin bututu.