Kwalliyar Matan Daura da Suka Manyanta

Duk wanda ya taɓa halartar Sallar Gani a birnin Daura ya san ba mahaya dawaki kaɗai ke cika ido ba a ranakun nan. Mata kan fito daga unguwannin birni, waɗansu kuma su zo daga Zango da Ɓaure da Sandamu da Mai'aduwa, ƙafa ta sha lalle, ido ya sha kwalli, ƙanshin turare yana tashi ta ko'ina. Garin da tarihinsa ya soma da sarautar mata, har aka zo kan Daurama, ba shi ne za a koya wa muhimmancin ado ba. Abin da muke nufin dubawa a nan shi ne kwalliyar yau da kullum, wadda ba ta jiran salla ko biki, musamman ta matan da suka ba shekara arba'in baya, watau iyayen gidajenmu da yayyenmu da malamai mata da suka daɗe a bakin aiki. Mun san yawancin masu karanta wannan shafi maza ne, malaman makaranta da akawuna, kuma watakila wani ya ce ina ruwansa da zancen hoda. To, da ruwansa, gama daga aljihunsa kuɗin ke fita, sau da yawa kuma dominsa ake yin abin da ake yi.

Da farko ya kamata mu san abin da ke samun fata idan shekaru suka miƙa. Tsakanin shekara 45 da 55 yawancin mata ke daina ganin al'ada, sa'an nan wani sinadari na jikin mace, wanda likitoci ke kira istirojin, ya ragu ƙwarai. Shi ne ke taimakon fata ta riƙe ruwa da maiƙo. Masana ciwon fata sun ce a cikin shekara biyar na farko bayan ɗaukewar al'ada mace kan rasa wajen kashi 30 cikin 100 na kolajin, watau zaren da ke ɗaure fata ya sa ta tsaya sumul. Saboda haka sai fata ta yi sirara, ta bushe, ta riƙa ƙaiƙayi, tamoji kuma ya soma bayyana. Wannan ba cuta ba ce. Amma a ƙasa irin tamu, inda hunturu ke busawa tun daga Nuwamba har Fabrairu, sa'an nan bazara ta biyo da zafin da kan haura 40 a ma'auni, bushewar takan tsananta. Ga alwala sau biyar a yini, ga wanki da wanke-wanke, ga hayaƙin murhu. Shi ya sa kaushi da faso suka fi damun manyan mata fiye da 'yan mata.

Maganin wannan ba shi da tsada, kakanninmu kuwa sun riga mu saninsa. Man kaɗanya na kirki, wanda ba a gauraya shi da kome ba, ya isa. Kaɗanya ta fi yawa can kudu da mu, wajen Jihar Neja da Kwara da kudancin Kaduna, daga nan fatake ke kawo man. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya yawan ƙwarar kaɗanya, kuma Turawa na sayenta su zuba cikin mayukan da suke aiko mana a kwalabe masu ƙyalli, mu saya da ninkin kuɗi. A watan Agusta na 2025 har Gwamnatin Tarayya ta hana fitar da ɗanyar ƙwarar na tsawon wata shida, don a riƙa sarrafa ta a gida. Inda man kaɗanya bai samu ba, basilin fari wanda ba turare a ciki yana yin aikin. Amma akwai dabara guda wadda mutane da yawa ba su kula da ita ba. Mai ba ya ba fata ruwa, tsare ruwan da ke cikinta yake yi kada ya fita. Don haka lokacin shafa shi ne da an fito wanka ko an idar da alwala, jiki da sauran danshi. Wadda ta bari ta bushe ƙarau sa'an nan ta shafa, ta yi asarar rabin amfanin. Ƙafa kuwa, a jiƙa ta cikin ruwan ɗumi da dare, a goge kaushin da dutse a hankali, a cika fason da mai, a sa safa a kwanta.

Sabulun salo yana da kyau wajen fitar da dauɗa, amma da toka ake yinsa, yana da kaifi, yakan kwashe maiƙon fuska sarai. Budurwa mai maiƙo da ƙuraje ta ji daɗinsa. Babbar mace kuwa, a lokacin hunturu, gara ta rage shi a fuska, ta kuma guji ruwa mai zafi ƙwarai. Hoda da jan baki da jagira ba mu da dogon zance a kansu. Hoda mai yawa takan taru cikin tamoji ta ƙara bayyana shi, kaɗan ta fi. A wanke duka kafin a kwanta, in kuma abu ya canza wari ko launi a yar da shi.

Lalle kuwa sai yabo. Ganyen yana da wani rini wanda ke kama fata da farce, ba ya rufe su, shi ya sa malamai suka ce ba ya hana ruwan alwala isa, ba kamar jan farcen kanti ba. Yana sanyaya tafin ƙafa, yana rina furfura ga mai so. Sai dai a bambanta shi da baƙin lallen zamani wanda masu ƙunshi ke haɗawa da rinin gashi don ya kama nan da nan. Cikin rinin nan akwai sinadarin da ake kira PPD, wanda kan sa waɗansu ƙuna da ƙuraje masu ruwa daidai inda zanen ya bi, tabon kuma ya daɗe. Wadda jikinta ya ƙi shi sau ɗaya, ya ƙi shi ke nan har abada, har rinin gashin ma. Matan da, in suna son baƙin zane, katambiri suke nema.

Yanzu sai kwalli, kuma a nan muna roƙon mai karatu ya yi haƙuri ya saurara, don mun san maganar za ta yi wa waɗansu nauyi. Kwalli abu ne mai daraja a wurinmu, yana da asali a sunna, ba kuwa gidan da za ka shiga a Daura ka rasa tandunsa. Amma dutsen da littattafan addini suka ambata, watau ismid, dabam yake da yawancin abin da ake sayarwa a kasuwanninmu. Dutsen nan mai nauyi, mai walƙiya kamar azurfa, wanda in an fasa shi yake rabewa gida-gida masu kusurwa huɗu, ma'adinin dalma ne, irin wanda ake haƙowa a Zurak ta ƙasar Wase da kuma wajen Abakaliki. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da labarin wani jariri ɗan wata shida a birnin Boston, iyayensa 'yan Nijeriya, wanda aka sami dalma a jininsa. Da aka bi sawu sai aka tarar kwallin da ake sa masa ne, da aka auna shi kuwa kashi 82.6 cikin 100 dalma ce zalla. Mu mutanen Arewa ba baƙin wannan guba ba ne. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, yara fiye da 400 suka rasu saboda ƙurar dalma da ta fito daga duwatsun zinariya da ake niƙawa cikin gidaje.

Ba mu ce kwalli yana kisa kamar yadda ƙurar Zamfara ta yi ba. Ɓarnarsa a hankali take tafiya. Hawaye kan wanke shi ya bi ta 'yar hanyar da ta haɗa ido da hanci, ya sauka maƙogwaro. Yaro kuma ya murza ido ya kai hannu baki. Dalma ba ta fita jiki da sauri, cikin ƙashi take taruwa shekara da shekaru. Ga babbar mace abin lura shi ne, bayan ɗaukewar al'ada ƙashi yakan soma zaizayewa, sai dalmar da ta kwanta tun ƙuruciya ta komo cikin jini, ita kuwa tana cikin abubuwan da ke ƙara hawan jini da raunana ƙoda. Ga yaro ɓarnar ta fi muni, domin ƙwaƙwalwa take taɓawa, ta rage fahimta, ba ta kuwa gyaruwa. Mu da aikinmu ke kai mu azuzuwa, wannan shi ya fi tsaya mana a rai, tun da kaka ko gwaggo ce kan rangaɗa wa jariri kwalli tun kafin suna, da kyakkyawar niyya, wai don ido ya yi ƙarfi. Shawararmu ita ce a daina sa wa yara kwata-kwata. Babba kuma da ba ta iya rabuwa da baƙin ido, ta nemi fensirin ido mai lambar rajistar hukumar NAFDAC, kada kuma mutum biyu su yi tarayya a tsinke guda, don ta nan ciwon ido ke yawo cikin gida.

Abin da ya fi kwalli haɗari, wanda kuma ba shi da wata sunna da zai fake a bayanta, shi ne man canza launin fata, wanda ake kira bilicin. Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin wani rahoto na 2011, ta ce kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya suna amfani da irin waɗannan mayuka, ba wata ƙasar Afirka da ta kai haka cikin waɗanda ta lissafa. A 2023 NAFDAC ta ce abin ya kai matsayin larurar gaggawa ta lafiyar ƙasa. Mutane kan ɗauka aikin 'yan mata ne, amma ba haka ba ne. Uwargida da ta ga fuskarta ta soma dushewa, ta kuma ji ƙishin-ƙishin maigida na neman ƙari, ita ce ta fi saurin faɗawa hannun masu haɗa mai. A nan fa maza ba su da bakin zargi. Mutumin da kullum yabonsa ga farar mace yake, ko a hira ko a gaban iyalinsa, shi ya aiki matarsa kasuwa ko bai ba ta ko kwabo ba.

Abubuwa uku ne galibi ke cikin mayukan nan. Akwai zaiba, wadda ke ratsa fata ta lalata ƙoda da jijiyoyi, ta bi ta mahaifa da nono ta isa ga jariri, har ma ta shafi sauran mutanen gida ta tawul da zanen gado. Saboda irin wannan ne ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniyar Minamata a 2013, wadda aka raɗa wa sunan wani gari na Japan inda zaibar masana'anta ta nakasa jama'a. Nijeriya ta tabbatar da shigarta a 2018, a 2023 kuma aka amince a hana zuba zaiba cikin kayan kwalliya ɗungum. Akwai haidirokwinon, wanda ke hana fata yin launinta. Da fari sai a ga haske, a yi murna, amma in an daɗe sai kumatu da goshi da gaɓoɓin yatsu su yi baƙi ƙirin, baƙin da ya fi na asali, wanda kuma da wuya ya fita. Garin neman gira ke nan an rasa ido. Na uku su ne magungunan kumburi masu ƙarfi da ake kira sitiroyid, waɗanda likita kan rubuta na 'yan kwanaki don wata cutar fata, amma mata ke matse su cikin man shafawa su yi shekaru suna bi da su duk jiki. Su ne ke sa fata ta yi sirara har a riƙa ganin jijiyoyi, nankarwa ta fito jajur a hannu da cinya, ƙuraje da makero su samu wurin zama, rauni ya ƙi warkewa. Suna kuma shiga jini su tayar da hawan jini da ciwon sukari, cututtukan da dama can suke dakon mutum a waɗannan shekaru.

A tuna fatar mai shekara hamsin ta riga ta yi sirara da kanta, ga shi kuma an ƙara mata abin da ke cinye ta. Baƙin fatar da ake gudu kuwa shi ne garkuwarta daga rana, rana irin ta Daura. Shi ya sa za ka ga fuskar mai bilicin ta ƙone a kumatu, tana rufe ƙunar da hoda, hodar na ƙarewa, ana sake saye, kwalliya ba ta biyan kuɗin sabulu. Mafi haɗari duka shi ne haɗin da ake ɗurawa a robobi ba suna ba lamba, wanda ake tallarsa gida-gida ko ta waya, a ce wai na gargajiya ne ko na itatuwa zalla. Mai sayarwar ma sau da yawa ba ta san abin da ke ciki ba. Ƙasarmu kuma ta bakin iyaka ce, kaya na shiga da fita ta Kongolam da Mai'aduwa, ba kowane kwali ne idon hukuma ke gani ba.

Wadda take son hasken fata na halal, dilka da gangamau da muka koya daga mutanen Barno da Sudan suna goge matacciyar fata su bar jiki da santsi, muddin dai mai gyaran jikin ba ta zuba wani abu a ɓoye ba, kuma ba laifi a tambaye ta ƙiri-ƙiri. Mayafi da inuwa tsakanin hantsi da la'asar suna hana tabo ƙaruwa, mai hali kuma ta haɗa da man kariya daga rana.

Wadda kuwa ta riga ta daɗe cikin shafe-shafen nan, kada maigida ya karanta wannan ya tafi gida ya kwashe robobi ya watsar a rana ɗaya. In man yana da sitiroyid, yanke shi farat ɗaya kan sa fuska ta yi ja, ta kumbura, ta yi raɗaɗi, wani lokaci har jiki duka ya yi laƙwas, sai matar ta ga ba ta da mafita illa ta koma. A hankali ake janye shi, bisa ga umarnin likita. A kai ta babban asibitin Daura ko na Katsina, a tafi da robar man da kwalinsa don likita ya gani, a kuma roƙa a auna mata jini da sukari da fitsari a wannan zuwan. Launinta na asali zai komo cikin 'yan watanni, da fari ma yakan fi da duhu kafin ya daidaita, kuma a cikin watannin nan ne za ta fi bukatar kada kowa a gidan ya yi mata ba'a.