Direban Wi-Fi ya ƙi haɗuwa a Linux? Kar ka yi saurin goge kwamfutarka

Ka ga bidiyo a YouTube, ka sa Kali ko Ubuntu a kwamfutarka, ka sayi ɗan adaftan Wi-Fi na USB, ka sauko da direbansa daga GitHub. Kana buga make sai ga rubutu ya cika fuska, a ƙarshe Error 2. Ba intanet, ga data ta tafi. A nan ne da yawa ke cewa Linux ba ta talaka ba ce, su koma Windows. Dakata tukuna. Galibi adaftan lafiyarsa ƙalau, direban ne da kanel ɗinka ba sa'o'in juna ba ne.

Kanel shi ne zuciyar Linux, kuma kusan duk bayan mako tara zuwa goma ake fitar da sabo. Masu kula da shi ba su taɓa alkawarin barin tsarin cikinsa yadda yake ba. Direban da ke cikin kanel, su ke gyara shi duk lokacin da suka canza wani abu. Wanda ke waje kuwa, sai mai shi ya bi su da gyara. Idan ya daina, direban da ya yi aiki a 2020 zai iya ƙin haɗuwa yau.

To me za ka yi? Fara samun intanet. Jona wayarka da kebul, ka kunna raba data ta USB. Linux na gane wannan ba tare da ka sa komai ba.

Sai ka san cip ɗin da ke cikin adaftan, domin sunan da ke jikin kwali yana yaudara. Misali TP-Link TL-WN722N, wanda masu koyon tsaron intanet ke rububinsa: na farko, wato v1, cip ɗin Atheros AR9271 ne a ciki, kuma direbansa na cikin kanel. Amma v2 da v3 Realtek RTL8188EUS ne. Suna ɗaya, ciki daban. Buga lsusb idan na USB ne, ko lspci idan na cikin kwamfutar ne, za ka ga gaskiyar abin da ka saya.

Daga nan duba kayan aiki. Buga uname -r ka ga lambar kanel ɗinka, sannan ka sa build-essential da dkms da linux-headers mai lamba daidai da waccan. Masu Kali, ku lura: idan an ce ba a samu hedas ɗin ba, sau da yawa kanel ɗinku ne ya tsufa, an cire nasa daga rumbun. Ku sabunta komai, ku kashe ku kunna, sannan ku sake gwadawa.

Yanzu ga inda aka fi yin kuskure. Error 2 ɗin nan na ƙasa ba ya gaya maka komai, sanarwa ce kawai cewa aiki ya tsaya. Hau sama ka nemo layin farko da ke ɗauke da kalmar error. Idan yana kukan babu wata folda mai suna build, hedas ne babu. Idan yana cewa implicit declaration ko too many arguments, direban ne ya tsufa wa kanel ɗinka. Nemi wanda aka sabunta kwanan nan, ko ka zaɓi tsohon kanel lokacin da kwamfutar ke tashi.

Wani lokacin ma ya haɗu lafiya, amma ya ƙi tashi. Duba Secure Boot, domin yana hana direban da ba a sa wa hannu ba shiga kanel. Ko ka sa masa hannu, ko ka kashe tsarin a saitin BIOS.

Idan ya yi aiki, ka girka shi ta DKMS, wanda Dell ya ƙirƙiro a 2003. Shi zai riƙa sake haɗa direban duk sanda kanel ya canza, ba sai ka wayi gari Wi-Fi ya ɓace ba.

Kafin ka sake sayen adafta kuma, tambayi cip ɗin da ke ciki, ka bincika ko kanel ya san shi. Wanda direbansa ke cikin kanel, jona shi kawai za ka yi ya kama aiki.